Motar Malam Yohanna Ta Zauna

Shamaki, Gombe
Ranar Laraba, cikin watan Rajab

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga Hamman su Hadiza, babban wansu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bappanka da mutanen gidansa duka a unguwar Malam Inna. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Tun da na bar allo a gidan mahaifina ban sake zama na cika takarda haka ba, saboda haka in ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri, da wannan ajamin na fara koya maka karatu, za ka gane. Na zaɓi rubutu ne domin abin da nake so in faɗa bakina ba zai iya ba in kana tsaye a gabana. Kai ne na fari, ka kuma san yadda muke da na fari. Ban taɓa kama sunanka ba, a nan ma ba zan kama ba.

Hadiza ta kawo mini sallamarka. Ta ce jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, za ka hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, an ɗauke ka aiki a sabon kamfanin nan mai haɗa motoci. Na yi murna, na yi wa Allah godiya. Amma ta ce ni kaɗai ka aiko wa. Babanku ba ka aika masa da komai ba, kuma tun ranar da ya yi maka faɗa a maƙera gaban direbobi, kan motar Malam Yohanna, ba ka sake taka ƙofar gidan nan ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ba na so jirgin nan ya tashi da kai alhali kai da mahaifinka ba ku yi sallama ba. Kaduna da nisa, shi kuma ka ga yadda furfura ta ci masa gemu. Ba wanda ya san abin da zai tarar in ya dawo.

Ba zan yi maka wa'azi ba, ka san haƙƙin uba kamar yadda na sani. Zan dai gaya maka wuraren da ni na yi kuskure a kan wannan sana'a taku, ko za ka ɗauki wani abu a ciki.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, babanku bai daɗe da barin ƙirar fartanya da lauje ba, ya koma gyaran sifirin na motoci. Turawa ma ba su gama tattara kayansu ba a lokacin, motocin garin nan kuwa yawancinsu manyan motocin auduga ne. Ni 'yar gidan malamai ce, ƙarfe duk ƙarfe ne a wurina. Wata rana matar mahaucin da ke bayanmu ta shigo ta ce mijinta na neman tsohon ƙarfe a ƙera masa wuƙa, an ce fallen sifirin ya fi kowane ƙarfe riƙe kaifi. Na duba na ga wani dogon falle a jingine bayan rumbu, duk ya yi tsatsa. Na ce ta ɗauka, ai yasasshe ne. Har ina jin daɗi na yi wa maƙwabta alheri.

Da babanku ya dawo ya nema bai gani ba, na gaya masa. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin rijiya, ya ce ashe da ɗan'uwansa, ya tanƙwara su biyun daidai da juna, na gefen dama da na gefen hagu na mota ɗaya. Washegari ya kwance wanda ya riga ya ɗaura, ya nemo wasu biyu ya sake farawa. Na ce masa, da ƙuruciyata, me zai hana ya yi guda ɗaya kawai a madadin wanda ya ɓata. Ya ce in ya ba gefe ɗaya sabo ya bar ɗayan da tsoho, motar za ta fita a miƙe, amma kafin kaka ta zagayo ta karkace, direba kuma ba zai san dalili ba sai ta kayar da shi a kwana. Na ji kunya ranar nan, ba don ya yi faɗa ba, don bai yi ba.

To, inda za ka, za ka tarar da abubuwa da mutane da yawa a jingine kamar ba su da amfani. Kada ka ce wa abu yasasshe sai ka tambayi mai shi. Abin da ba naka ba kuwa kada ka yi kyauta da shi, ko da zuciyarka alheri ta nufa.

Na biyu, na daɗe ina ganin babanku yana da bin diddigi. Kafin ya samu rumfarsa ta bakin tasha, a ƙofar gida yake aiki, ina jiyo su daga zaure. Mutum zai kawo mota ya ce ta karkace, ko gindinta ya durƙusa, ko tana dukan ƙasa. Maimakon ya ɗauki guduma, sai ya hau tambaya. Wa ke shiga motar nan? A ina yake zama? Me ake ɗorawa, a wane gefe? Wace hanya take bi, ta Dukku ko ta Kumo? Na taɓa ce masa mutane za su ɗauka yana leƙen asirin gidajensu ne. Ya yi dariya ya ce shi ba mota yake daidaitawa ba, mota da abin da take ɗauka yake daidaitawa, in ya auna ta ba kowa a ciki ya auna ƙarya.

Ban yarda ba sai a kan wani Alhaji mai sayar da atamfa, Allah Ya ji ƙansa. Motarsa ta rinjaya gefe ɗaya, ya kai ta wurare an canja masa sifirin sabo fil, ta koma yadda take. Babanku ya ari tasata ta cin tuwo, ya cika ta da ruwa ya ajiye a tsakar motar, ruwan ya tsaya daidai da baki ta kowane gefe. Ya ce wa Alhaji ya shiga ya zauna inda ya saba. Alhaji kuwa Allah Ya yi masa jiki. Yana zama ruwan ya malale ta gefensa. Yaran unguwa suka kwashe da dariya, babanku ya kore su. Ya ce wa Alhaji motar lafiyarta lau, ni'imar Allah ce ta yi yawa a kujerar baya, za a ƙara wa gefen nan ƙarfi. Alhaji ya yi ta dariya har yana share hawaye, kuma har ya bar duniya ba ya kai motarsa ko'ina sai wurin babanku.

Haka ma shekarar da gwamnati ta ce a koma tuƙi ta hannun dama. Kowa na maganar haɗari da fitilu, shi kuwa babanku cewa ya yi yanzu tsofaffin motoci za su fara sabon ciwo, domin sun shekara suna jingina ga gangaren titi ta gefe ɗaya, ga shi an mayar da su ɗaya gefen. Haka kuwa aka yi, suka yi ta zuwa. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ke kallon mota daga nesa ya faɗi irin zaman da mai ita yake yi ba sai shi. Tasar nan har yau ba ta dawo ɗakina ba, na kuma bar tambaya.

An ce a Kaduna motoci a jere suke fitowa, kowace kamar 'yar'uwarta, ba a tambayar wa zai shiga. Ka yi musu aikinsu yadda suka ce, kada ka nuna ka fi kowa sani. Amma kada tambayar nan ta mutu a bakinka. Duk wanda za ka yi hulɗa da shi, abokin aiki ne ko mai gidan haya, ka fara sanin abin da yake ɗauke da shi kafin ka ce ya karkace.

Yanzu bari in zo kan motar Malam Yohanna, domin akwai abin da ban tabbata ka sani ba. A-kori-kurar nan, kafin ta zo hannunsa, ta wani ɗan kasuwar auduga ce. Babanku ne da hannunsa ya ƙara mata falle-falle a baya ya ɗaga ta, don ta ɗauki buhuna ba ta durƙusa ba. Kana makaranta a lokacin. Aikin ya yi kyau har direbobi suna zuwa kallo, ya kuma daɗe yana alfahari da shi, shi da ba ya yawan alfahari.

Sannan ka san abin da ya shigo gari tun da aka yi ƙarin albashin nan, kuɗin mai ya wadata. Samarin ma'aikata na GRA suka sayi ƙananan motoci, suka ce sun cika tsayi, su a ƙasa suke son su kamar na cikin hotuna. Masu walda suka riƙa yanke musu sifirin mai naɗi, ko su gasa shi da wuta har ya lanƙwashe. Babanku ya ce ƙarfen da aka gasa haka ya mutu, ba zai sake tashi ba. Ka tuna wanda aka jawo motarsa da igiya daga kwarin da ke hanyar kasuwa, cikin motar ya daki dutse, baƙin mai ya tsiyaye, matarsa da jaririnta suna ciki. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Tun ranar ya ce a rumfarsa ba a sauke mota don ado. Ba ina kare shi ba ne. Ina so ka san abin da idonsa ya gani ranar da ya dawo daga ta'aziyya a Kumo, ya tarar da motar da ya ɗaga da hannunsa tana fita daga rumfarsa a sauke, falle-fallensa a zube a ƙasa, kai kuma da guduma a hannu.

Usmanu mijin Hadiza yana wurin, shi ya gaya mini abin da aka ce. Ya ce babanku bai sunkuya ya duba ba, bai tambaye ka ba, ya nuna motar ya ce, “Wanda ya yi wannan ba a maƙerata ya koya ba.” Ya ce wani direba ya yi dariya. Kai kuma ka ajiye guduma a inda ake ajiye ta, ka wanke hannu, ka fita. Wannan magana tana da nauyi, ban ce ba ta da shi ba. Mutumin da ya koya wa duk garin nan tambaya, ranar nan shi bai yi ba.

Ni ma ban yi ba. Ya riga ka shigowa gida, na ji nasa. Da ka shigo na riga na yanke hukunci, na ce ka koma ka ba shi haƙuri sannan ka zo ka ci abinci. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka kira ni da sunan da kake kirana tun kana hannun kakarka, ka ce, “Adda, ke ma ba za ki tambaye ni ba?” Na juya ina gyara wuta kamar ban ji ba. Na ji sarai.

Wannan kuwa ba ranar ya fara ba. An koya mana cewa uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta tsaya masa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya abu ne mai kyau, ban raina ta ba, da ita aka raine ni. Amma ni na kai ta inda ba a ce a kai ta ba. Kana ɗan ƙarami, ko kaciya ba a yi maka ba, tukunyata ta riƙa karkacewa a murhu, miya na zuba ta gefe. Na fita ɗebo ruwa na dawo na tarar ka tone ƙarƙashin dutse ɗaya, ka cusa tsingaro a ƙarƙashin wani, kana tsugune kana leƙen bakin tukunyar ido ɗaya a rufe, yadda ka ga babanku na yi. Tukunyar ta tsaya cak. Zuciyata ta cika har na rasa inda zan sa kaina. Abin da na ce maka shi ne ka tashi daga wurin wuta. Hadiza kuwa in ta share tsakar gida ko rabi ne sai na sa mata albarka da ƙarfi, kana ji.

In Allah Ya ba ka naka, ka ji kunyar na farin yadda aka saba, kada ka zama abin magana. Amma ka nemi wata hanya da zai san ka gani. Haka in an sa yara a ƙarƙashinka a wurin aiki. Wanda ya yi daidai ka gaya masa tun aikin na gabansa, kada ka bari sai ya haɗa kayansa.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne zuwan Mama Saratu, matar Malam Yohanna. Ban san ta ba kafin ranar. Na ji sallama, sai ga dattijuwa tana dogara sanda, 'ya'yanta mata biyu na riƙe da ita, da ƙwaryar gyaɗa da kwalbar zuma daga Kaltungo. Ta ce ita ce mai motar, ta zo ganin matar da ta haifi bakaniken nan. Na sunkuyar da kai na ce ɗan Malam dai, wato babanku. Ta ce, “To, Malam shi kaɗai ya haife shi? Mu a wurinmu da uwa ake yi.” Muka yi dariya, na shimfiɗa mata tabarma, ta ce a ba ta kujera, ƙugunta ba ya kai ta ƙasa.

Ta ba ni labari. Ta ce tun da ƙugun ya lalace ba ta iya zaman gaban mota, sai dai a shimfiɗa mata katifa a baya in za a kai ta asibiti ko za su je gida. Mijinta tsohon malamin makaranta ne, abin da ƙarfinsa ya kai ya saya ke nan. Motar kuwa an gina ta don buhunan auduga, ita da katifa da 'yan mata biyu ba su isa su motsa sifirin ɗin ba. Gindin motar na sama, hancinta na ƙasa, duk ramin da aka faɗa sai ta ji kamar an daka ta a turmi. Hawa kuma sai an kira maza majiya ƙarfi sun ɗaga ta, abin da ta ce ya fi ciwon ƙona mata rai. Har ta ce wa mijinta ta haƙura da asibitin.

Ta ce da suka kawo maka motar, cewa kawai suka yi tana da tsalle. Kai ka hau tambaya, wa ke shiga, a ina take kwanciya, kanta na wane gefe. Ka sa aka kawo katifar, ka ce 'yan matan su hau, ka nemi buhun dawa a madadinta don kada a wahalar da ita. Ta ce ta tambaye ka buhu nawa ka yi mata kuɗi, kunya ta kama ka. Ka karya kara ka auna daga ƙasa zuwa bodi ta kan kowace taya. Ka cire falle-fallen da aka ƙara, sauran ka zana bakansu a daɓe da alli, ka yi ta bugunsu a sanyi, ba wuta, har na dama da na hagu suka kwanta a kan zane ɗaya. Mijinta ya gaya mata bai taɓa ganin yaro mai haƙuri da ƙarfe haka ba. Yanzu, in ji ta, sai ta juya baya ta zauna a bakin motar kamar gado, 'ya'yanta su ɗaga mata ƙafafu. Ta ce ranar da suka je gida har barci ya ɗauke ta a hanya.

Da za su tafi na yafa mayafi na raka ta har zaure, na leƙa. Ni ban san mota ba, amma na shekara ina jin yadda ake maganarta. Na ga bayanta da gabanta a layi ɗaya. Na ga dattijuwar nan ta zauna da kanta ba namijin da ya taɓa ta. Na koma ɗaki na daɗe ban fito ba.

Da babanku ya dawo na ajiye masa zumar a gabansa, na gaya masa daga inda ta fito da abin da aka ce, ban ƙara ba ban rage ba. Washegari ya ɗauki kekensa da sassafe ya fita da farar rigarsa, bai nufi tasha ba. Da ya dawo cin abincin rana na ga bayan rigar duk ƙasa, da ɗigon baƙin mai a kafaɗa. Na tambaye shi ina ya je, ya ce gaishe da Malam Yohanna. Na ce ashe a kwance ake gaishe shi. Ya harare ni, ya ce in kawo ruwa.

Yana wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce, “Motar malamin nan. Ta zauna.”

Kai ka fi ni sanin wannan kalma. Ka san yaran da suka yi shekaru a rumfarsa suka tafi ba su taɓa jin ta ba, sai dai ya ce ba laifi, ko ya ce a kai wa mai ita. Aikinsa na kansa ma ba kowanne yake ce wa haka ba. A kan aikin wani kuwa, ni dai mutum ɗaya na taɓa ji ya faɗa wa, tsohon da ya koya masa sana'ar a Jos. Ya ci tuwo kaɗan, ya ce shi bai taɓa tunanin zana bakan a daɓe ba, da ido yake gwadawa, ko a ina yaron nan ya samo wannan. Na ce wataƙila a wata maƙerar ya koya. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya dube ni. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce, “Na faɗi abin da bai kamata ba.” Tun da nake da shi ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Kada ka sa ran zai zo Malam Inna ya same ka. Ba zai iya ba, kai ma in ka kai shekarunsa ba za ka iya ba. Kada kuma ka sa ran zai maimaita maka abin da ya faɗa mini. Amma ga abin da ya yi, Usmanu ya gani da idonsa shekaranjiya.

Oga Sande mai gidan burodi ya kawo tasa a-kori-kurar. A hannun mai hatsi ya saye ta, ita ma an ɗaga bayanta. Ya ce ƙwan da yake sarowa daga ƙauye rabi a fashe yake isowa, motar tana rawa kamar an yi mata kiɗa, shi ƙwai ya saya ba wainar ƙwai ba. Rumfar a cike take da direbobi, har da wanda ya yi dariya ranar nan. Babanku ya zagaya motar, ya danna bayanta da hannu, ya ce wannan aikin saukewa ne, kuma akwai wanda ya fi shi hannu a kai, a kawo ta ranar Alhamis da hantsi. Oga Sande ya ce wane ne wannan da ya fi Baba a garin nan. Babanku ya ce, da ƙarfi yadda na bakin titi ma za su ji, “Wanda ya koya a nan.”

Gobe ce Alhamis. Oga Sande bai jira ba, yau ya kawo motar. Babanku ya ɗaga ta a jak, ya sa mata duwatsu, ya cire tayoyin baya ya jingina, ya share daɓen tas, ya aika a sayo alli. Daga nan bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Wani ya ce ya fara mana kafin mai hannun ya iso, ya ce ba aikinsa ba ne.

Ka ga inda ya ajiye kansa. Bai san ko za ka zo ba, bai aika a tambaye ka ba, bai kuma san ina rubuta wannan ba. In ba ka zo ba, gobe zai zauna a gaban mutanen nan da mota a kan duwatsu, kowa ya san wanda ake jira. Ya san haka ya faɗa. Iyakar abin da yake da shi ke nan, ya kuma bayar a wurin da ya ɓata maka, gaban waɗanda suka ji.

Ban ce ka fasa tafiya ba. Ka tafi, ni ma ina so ka ga abin da ya fi Gombe, shi ma na san yana so ko bai faɗa ba. Ban kuma ce ka je ka durƙusa ka ce ka yi laifi a kan motar ba, ba ka yi ba, hannunka mai kyau ne, na faɗa yau na kuma rubuta. Ka je dai ka yi sallama, ka gaishe shi yadda ka saba, ka tuɓe riga ka ɗauki guduma. Zai riƙe maka ƙarfen. In ya yi shiru kada ka ce komai, in ya gyara maka wani abu ka karɓa. In kun gama ku taho gida tare, zan yi miyar kuka da man shanu, in ga kayanka in san abin da babu.

A can kuma ka riƙe salla a kan lokacinta, ko injin bai tsaya ba ka nemi izini. Ka nemi ɗaki kusa da mutanen kirki, ba sai 'yan garinmu ba, ka ga dai wadda ta zo har gida ta gaya mini wane ne kai. Kada ka kwanta a ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, ko ana gaggawa. Ka riƙa aiko da saƙo ko ba labari.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka sauka a hannun masu tausayi. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da bakin mutane, Ya sa albarka a hannunka, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri. Ka gaishe da Bappanka, ka ce na gode da riƙon da ya yi maka.

Hantsi babanku ya ce wa Oga Sande. Ka san shi, in ya ce hantsi, tun kafin rana ta haura rumfa zai zauna yana kallon hanya.

Wassalam.

Innar su Hadiza